Muryar motar Alhaji

A garin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai, an yi zamanin da matan aure ke gane motar maigidansu tun ba ta shigo gari ba. Motocin ba su da yawa, dare kuma shiru ne, saboda haka kowace mota da muryarta, kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a tsakiyar garke. Akwai wata dattijuwa a garin wadda ta yi shekara 30 tana sauraren murya guda, ta wata farar Peugeot 504 bashe, wato mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tampol, wadda mijinta, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya saya a 1988. Da zarar ta jiyo ta daga nesa, sai ta ce wa yara a ɗora ruwan wanka, a kuma ɗumama tuwo.

Alhajin ya rasu a 2018. Motar ta yi fiye da shekara biyu a ƙarƙashin rumfa, ƙafafunta sun sace, kaji suna ƙwai a bayanta. A ƙarshen 2020 ne babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati a Yamai, ya yanke shawarar tayar da ita, domin ƙanensa da ke zaune ba aikin yi ya riƙa jigilar kaya da mutane zuwa kasuwannin ƙauye da kuma babbar kasuwar Balleyara ta ranar Lahadi. Aka canza batir, aka sa sababbin buji, aka wanke karbirata, inji ya tashi kamar jiya aka kashe shi, domin kuwa ba a banza 504 ta yi suna a Afirka ba. Abu guda ne ya gagara gyara, wato bututun hayaƙi da tukunyarsa, abin da waɗanda suka yi lakkwal ke kira « pot d'échappement », direbobi kuma ke ce wa salansa. Gargadar hanya ta tsattsage shi, tsatsa ta ƙarasa sauran.

To, a kan wannan ƙarfe da ba mai ganinsa sai wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota ne ma'aikacin ya so ya cika wani tsohon buri.

Tun yana yaro ubansa ke ba shi labarin tseren Paris-Dakar, wanda ya fara tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Alhajin ya ga motocin da idonsa a Yamai, ya kuma ce ƙugin injinsu a ƙirji ake jinsa, ba a kunne ba. Da yaron ya shiga lise, sai ya cika bangon ɗakinsa da hotunansu: Porsche da ta ci tseren a 1984 da 1986, Peugeot 205 da ta ci a 1987 da 1988, sa'an nan 405 a 1989 da 1990. Da ya girma ya sami wayar hannu, ya zama ba shi da hira bayan isha'i sai sauraren muryoyin tsofaffin motocin gudu na Turai, irin su Jaguar E-Type ta 1961 da Porsche 911, waɗanda masu su ke kashe dukiya don kawai su zaɓa musu salansar da ta fi zaƙin murya. Ranar da ya karanta cewa 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, kuma ƴar'uwarta mai ƙofa biyu da silinda 6 ta sake ci a 1978, sai ya ji kamar an ce masa motar ubansa jinin sarauta ce. Ya ƙudurta cewa in ta tashi, sai ta yi magana irin ta danginta.

Mai gyaran motar wani tsohon makaniki ne da ke aiki a inuwar bedi kusa da tasha, wanda a ƙuruciyarsa shi ne yaron motar Alhajin. Ya gaya wa ma'aikacin cewa zaɓi uku ne gare shi. Na farko, a sami faffaɗan bututu miƙaƙƙe, mai walda ya haɗa shi a wuni guda, babu tukunya ko ɗaya; shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi ƙara. Na biyu, salansar da ake ce wa ta gudu, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan okaziyo a Yamai: bututu ne mai ƙananan huji da yawa ya ratsa tukunya kai tsaye, an naɗe shi da audugar gilashi da ke shanye kaifin ƙara. Na uku, irin wadda motar ta fito da ita daga masana'anta, siririn bututu mai tsawo da tukunya mai ɗakuna a ciki, inda hayaƙi ke kewayawa daga ɗaki zuwa ɗaki har ƙarfinsa ya karye kafin ya fita. Wannan sai an yi saƙo an kawo daga Nijeriya, inda aka yi ta harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna tun 1975, kuɗinta kuma ya kusa ninka na farkon sau uku.

« Baba, ta farin nike so, » in ji ma'aikacin.

Tsohon ya goge hannunsa da tsumma, ya ce: « Ɗana, in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Wagga mota mutane za ta ɗauka, ba kofi ba. Ni hannuna ba shi sa mata wannan. »

Ma'aikacin ya ɗauki maganar a tsoron tsofaffi. Ya kai motar wajen wani mai walda, aka haɗa mata faffaɗan bututu. Da ƙarfen bai kai ba, sai aka tsayar da bakinsa a ƙarƙashin akwatin baya, kamu biyu ko uku kafin ƙarshen motar. Da aka tayar da ita, tantabarun unguwa suka watse, yara suka biyo ta da gudu, shi kuwa ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun rasuwar ubansa. Mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure, ta tambaya ko motar wane ce ke wannan hauka a ƙofar gida. Aka ce ta Alhaji ce. Ba ta ce komai ba, ta koma ciki.

Tafiyar farko ta kama wata Lahadi a watan Janairu 2021, cikin tsananin ɗari. Suka tashi bayan sallar asuba, ƙanen yana tuƙi, ma'aikacin yana gefensa. A baya akwai buhunan wake, da mata biyar masu zuwa cin kasuwar Balleyara, cikinsu har da gwaggonsu, tana riƙe da jikarta ƴar shekara 4. Saboda sanyi da ƙura, matan suka roƙa a ɗaure tampol tam ta kowane gefe, aka bar ɗan tsagi kawai ta baya. A gaba, ƴan'uwan biyu suna ta raha, suna jin yadda ƙugin motar ke dukan duwatsun bakin dallol yana dawowa.

Ba su kai Bonkuku ba suka ji ana bugun bayan kabin, bugu marar ƙarfi. Da suka tsaya suka kwance tampol, suka tarar da mace biyu suna amai, gwaggon tana riƙe da kai tana cewa duniya na juya mata, yarinyar kuwa ta yi laƙwas a cinyarta, ana kiran sunanta ba ta amsawa. Wata daga cikin matan ta ce lalle sun ratsa wurin iskoki. Aka shimfiɗa yarinyar a sarari, iska ta buge ta, aka garzaya da ita gidan likita mafi kusa, tampol a buɗe. Malamin asibitin bai tsaya dogon bincike ba. Ya tambaya: a ina suke zaune, an rufe bayan, kuma ina bakin salansa yake? Da ya ji amsa, sai ya dubi ma'aikacin ya ce da sun ƙara rabin awa a haka, da wani labarin ake yi.

Yarinyar ta farfaɗo kafin azahar. Amma ma'aikacin bai manta da nauyinta a hannunsa ba, lokacin da ya ɗauke ta daga kan buhunan wake.

Abin da ya faru ba iskoki ba ne, kuma yana da kyau duk mai shiga bayan mota ya san shi. A cikin hayaƙin injin mai akwai wata iska mai guba da Faransawa ke kira « monoxyde de carbone ». Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da amai, da barci mai nauyi, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. Tsofaffin injuna masu karbirata sun fi na zamani fitar da ita nesa ba kusa ba, domin ba su da tukunyar tace hayaƙi, wadda aka tilasta wa sababbin motocin mai a Tarayyar Turai tun 1993. Bugu da ƙari, mota mai murabba'in baya in tana gudu takan bar wani gurbi na iska a bayanta, wanda ke jawo ƙura da hayaƙi su koma ciki. Duk wanda ya taɓa sauka daga bayan bashe da jar ƙura a gira ya san haka. Bututun da ya tsaya a ƙarƙashin akwati kuwa, ta tsagin daɓe da ta wancan gurbi yake aika gubarsa wajen fasinja.

Washegari ma'aikacin ya koma inuwar bedi, kansa a sunkuye. Tsohon bai yi masa gori ba. Ya tambayi jikin yarinya, ya yi hamdala, sa'an nan ya ce tunda ɗan lakkwal ba ya yarda sai ya gani, to, sai an gwada akan san na ƙwarai. Aka aika Yamai aka aro salansar gudu wajen wani abokin sana'arsa, aka kuma yi saƙon ta asali. Da suka iso bayan mako biyu, tsohon ya ɗora wa motar buhu goma na gero, ya zaɓi wurare uku: rairayin cikin dallol, da hawan da ke fita daga kwarin zuwa tudu, da miƙaƙƙiyar kwalta. Kowace salansa sai ta bi ukun, da kaya iri ɗaya, da direba ɗaya, ba kowa a baya.

Miƙaƙƙen bututu ne ya fara. A kan kwalta, in an taka mota sosai, yana da kuzari, ba a musu. Amma a cikin rairayi, inda ake tafiya a hankali da giya ta biyu, motar ta riƙa shaƙewa, sai an ƙara mata wuta an ƙona kulochi kafin ta fita. A wurin hawa ma sai da aka koma giya ta ɗaya. In kuma an ɗaga ƙafa a gangara, sai ta riƙa tari tana fashewa kamar harbin bindiga. A shekarun baya wannan abin dariya ne. A jihar Tilaberi ta shekarun nan, inda rashin tsaro ya sa kowa ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, motar da ke harbi da dare tana iya tayar da ƙauye guda, tana kuma iya jawo wa mai ita abin da bai shirya ba a shingen jami'an tsaro.

Salansar gudu ta fi ta hankali. Muryarta mai kauri ce, irin wadda ma'aikacin ke ji a wayarsa, a kwalta kuma ba ta bar wa miƙaƙƙen bututu komai ba. Sai dai tukunyarta ta sauko ƙasa da yawa, domin an yi ta ne saboda hanyoyin Turai, ta riƙa shafar tudun da ke tsakanin sawun ƙafafu a cikin rairayi. Tsohon ya kuma nuna masa cewa audugar da ke ciki ba ta dawwama: zafi da girgiza suna cinye ta sannu a hankali, in ta ƙare sai a wayi gari da gwangwani mai ihu.

Ta asali ba ta burge kowa ba a kan kwalta. Can ƙarshen gudu ma ta ɗan rage wa motar kaifi. Amma a rairayi ta ja buhu goma da giya ta biyu ba gardama, ta hau tudu ba tari, bakinta kuma ya fito har ƙarshen motar ya karkata gefe, inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi gaba da shi.

Ma'aikacin, da yake mai son sanin dalili ne, ya koma ga karatunsa, ya tarar cewa abin da tsohon ya sani da kunne da tafin hannu, haka yake a lissafi. Inji mai silinda 4 in yana juyi 3.000 a minti, sau 100 yake tura hayaƙi cikin bututu a kowace daƙiƙa. Hayaƙin ba kwarara yake yi kamar ruwa ba, dunƙule-dunƙule yake fita, kuma kowane dunƙule in yana da sauri yakan bar jan iska a bayansa, wanda ke taimaka wa na biye ya fito, ya kuma share silinda domin sabon mai ya shiga. A siririn bututu hayaƙi yana da sauri ko da inji na juyi a hankali, shi ya sa mota ke da ƙarfin ja a rairayi da hawa. A faffaɗan bututu kuwa saurin ba ya samuwa sai inji ya kai juyi 6.000 ko fiye. Motar tsere a can take rayuwa, saboda haka faɗin ya dace da ita; makanikai kuma suna jiranta a ƙarshen kowane zango, ba ta kuma ɗauke da gwaggon kowa. Motar kasuwa kuwa rayuwarta duka tsakanin juyi 1.500 ne da 3.000. Sa'an nan karbirata an daidaita ta ne da salansar asali; in an buɗe bututu ba a sake daidaita ta ba, sai mai ya yi ƙaranci a cikin iska, inji ya ƙara zafi, ƙofofin hayaƙi da makanikai ke kira supap su fara ƙonewa. Ashe ƙarar da ya ɗauka ƙarfi ce, rabinta kukan inji ne.

Ya kuma lura da wani abu game da masu tsofaffin motocin gudu na Turai da yake sha'awa. Su ma ba a kan ƙara kaɗai suke gardama ba. Suna auna faɗin bututu da girman inji, suna duba ko bututu huɗu su haɗu su zama biyu sa'an nan ɗaya, abin da ke ba da ƙarfi a tsakiyar gudu, ko su haɗu gaba ɗaya, abin da ke ba da ƙarfi a ƙarshensa. Suna zaɓar ƙarfen da ba ya tsatsa saboda gishirin da ake zubawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. Wato kowa hanyarsa yake duba kafin ya zaɓa. Shi ne kawai ya duba hanyar wasu ya zaɓar wa tasa. A Kurfai ba gishiri ke kashe salansa ba, gargada ce da rairayi; abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne robobin da ke rataye ta su kasance da rai, walda ta kasance ba huji, bakinta kuma ya wuce inda mutane ke zaune.

Ranar da aka ɗaure ta asali, tsohon yana kwance a ƙarƙashin motar yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe, sai ya ba shi wani labari da bai taɓa ji ba. A watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyaran mota suka ninka kuɗi cikin ƴan kwanaki. Ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi, kasuwa ta mutu, direbobi da yawa suka koma liƙe salansa da gwangwanin tumatir da waya. A wannan shekara ce salansar Alhajin ta fashe. Yana da wata karsana ja, irin shanun Azawak da ake kiwo a Tukunus, wadda yake ji da ita ƙwarai. Ya kai ta kasuwa ya sayar, ya sayi sabuwar salansa.

« Na ce mishi, Alhaji, saniya guda saboda bututu? Ya ce mini, mutanen da ka shiga bayan motag ga amana ta a hannunmu, kuɗin mota suka biya, ba su biya kuɗin likkafani ba. »

Ma'aikacin ya yi shiru. A wancan lokaci yana ɗan shekara 5, kuma ya tuna cewa shi ma a bayan motar yake zama, a kan buhuna, in ana tafiya ƙauye gaida dangi.

Bai daina son muryar Jaguar ba, har yau yakan saurare ta bayan isha'i. Amma ya kafa wa ƙanensa sharuɗɗa uku kafin ya miƙa masa makulli: kada a ɗaure tampol ta kowane gefe in akwai mutum a baya, komai sanyi, duk wata a kwanta a ƙarƙashin mota a nemi baƙin tabon hayaƙi a kan bututu, domin inda tabo yake nan huji yake, kuma duk fasinjan da ya ce kansa na ciwo, a tsaya nan take a fito da kowa sarari, kada a ce masa ya daure an kusa isa. Kuɗin salansar ya ci masa kusan rabin albashin wata. Ya ce araha ce, in aka tuna abin da mai arahar ta so ta ci.

A daren da suka dawo da motar gida, an riga an yi isha'i, gari ya yi tsit. Ba yaron da ya biyo su, ba tantabarar da ta tashi. Suna karyo kwanar unguwa, dattijuwar tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi. Ta tsaya, ta karkata kai, ta saurara. Sa'an nan ta kira jikarta, ta ce:

« Tashi ki ɗora ruwa. Motar Alhaji ta komo gida. »